"Bod ne ya mutu": abin da ya faru da laftof ɗina a Dutse

1/ Tun watan Janairu nake son ba da wannan labarin, amma na bari sai da na huce, don da na rubuta a lokacin da na ɗauki alhakin wani. Labarin laftof ɗina ne da wani mai gyara a Dutse da ya ce min ta mutu. Zaren yana da tsawo, ku yi haƙuri. Ɗalibai musamman, ku daure ku kai ƙarshe. 🧵

2/ Tun yanzu in faɗa: ba zan ambaci sunan shagon ba, ko layin da yake. Kada wani ya biyo ni ta saƙon sirri yana cewa "faɗa min mu kiyaye shi". In kun karanta zuwa ƙarshe za ku gane dalili.

3/ Ni ɗan Kiyawa ne, ina ajin ƙarshe a Jami'ar Tarayya ta Dutse lokacin da abin ya faru. Laftof ɗin HP EliteBook 840 G3 ce, ta hannu, irin wadda rabin 'yan ajinmu ke riƙewa. A 2022 aka saya min. Baba ya kai riɗi kasuwar Shuwarin wata Litinin, Yaya ya cika sauran daga albashinsa. Don haka a gidanmu ba tawa ni kaɗai ba ce.

4/ Abin da ke cikinta shi ne ainihin tashin hankalin. Furojet ɗina ne, babi na 1 zuwa na 4, da duk bayanan da na tattaro na wata biyu ina bin ƙauyuka a mashin ɗin aro. Babi na 1 da na 2 kawai na taɓa tura wa malamin da ke duba aikina ta WhatsApp. Sauran ba su a filash, ba su a imel, ba su ko'ina.

5/ Wani dare cikin hunturun nan mai ƙura, ina gida, na karɓo ta daga wajen mai caji bayan isha'i. Na danna. Fanka ta tashi, ina jin ƙararta, amma sikirin baƙi ƙirin. Sai 'yar fitilar da ke kan maɓallin Caps Lock kawai ke ƙiftawa. Na kashe na kunna ya fi sau goma, abin bai canja ba.

6/ Na ɗauki bidiyon abin da waya na tura wa wani abokina da muke ganin ya san kwamfuta. Ya ce in cire caja, in danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 zuwa 30, sannan in sake gwadawa. Na yi, ba ta tashi ba. Ku riƙe maganar bidiyon nan, zai dawo a gaba.

7/ Da safe na hau mota zuwa Dutse. Yaya ya ce in kai wa wani abokinsa, tare suka yi sakandare, ya daɗe yana gyara kuma yana da shago babba. Wannan ya sa ban ma yi tunanin wani wuri ba. Ai na gida ne.

8/ Shagon cike yake. Yara biyu suna aiki, mutane na zaune a benci, wani na jiran firinta, wani na rigima a kan batir. Muka gaisa, ya tambayi Yaya da su Baba. Ya karɓi laftof ɗin, ya sa cajarsa, ya danna, ya kara kunne, ya sake dannawa. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ƙanina, bod ne."

9/ Ga wanda bai sani ba, bod shi ne babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda komai ke haɗe a jikinsa. In an ce maka bod, an faɗa maka mafi tsadar abin da zai iya lalacewa. Daga karɓa zuwa wannan hukuncin, wallahi ba a yi minti biyar ba.

10/ Ya ba ni zaɓi biyu. Ko a kawo wani bod daga Kano, in ba a samu ba daga Legas, kuɗi naira dubu 95 har da aiki. Ko kuma ya saye ta kwandem a dubu 40 in cika in sayi wata. Na ce, "Yaya, aikina fa da ke ciki?" Ya ce in an sa sabon bod za a yi mata sabon Windows, sai dai a ga abin da Allah zai yi.

11/ Na bar ta a wajensa na ce zan yi shawara da gida. Ban karɓi rasit ba, ban ɗauki hoton komai ba, ban ma rubuta lambar jikinta ba. A mota ina komawa, har muka wuce Shuwarin ban san mun wuce ba.

12/ Da dare na faɗa wa Baba. Bai yi faɗa ba, da ma ba mai yawan magana ba ne. Ya yi shiru can ya ce, "Nawa ka ce?" Na maimaita. Ya ce to akwai tunkiyar nan mai ciki da ragon da ake kiwo saboda layya, ranar Litinin sai a kai su Shuwarin. Umma tana bakin ƙofa tana ji, ba ta ce komai ba. Tunkiyar tata ce.

13/ Barci ya ƙi zuwa. Sai na tuna da bidiyon nan, na sake kallo. A nan na lura ƙiftawar fitilar ba haka kawai take ba, tsari gare ta: sau uku a hankali, sau biyu da sauri, ta tsaya, ta sake. Na ƙirga ya fi sau biyar, bai canja ba.

14/ Na shiga intanet da ɗan datan da ya rage. Ashe kamfanin HP da kansa yana da shafi da ya bayyana ma'anar wannan ƙiftawar. Kwamfutar in ta kasa tashi, da fitilar take faɗa maka inda ta maƙale. Uku dogaye da biyu gajeru na nufin ta tsaya ne a wajen RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita.

15/ RAM kuwa ɗan siririn abu ne kamar tsawon yatsa, ana zare shi a mayar da hannu. Irin tawa tana da gurbi biyu. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka yanka min ba. Jama'a, zuciyata ta fara tafasa daga nan.

16/ Kuskurena na gaba shi ne na kai maganar gurup ɗin ajinmu da ƙarfe ɗayan dare. Kafin asuba an yanke masa hukunci. Wannan ya ce ɓarawo ne, so yake ya saye ta a banza ya gyara ya sayar. Wancan ya ce zuwa yanzu ma ya cire kayan ciki ya sa maka rubabbu. Kowa da labarin wani ɗan uwansa da aka yi wa haka.

17/ Har na rubuta dogon rubutu da sunan shagon da hoton allonsa, saura in danna. Abin da ya tsayar da ni ba wai hankali ba ne, tsoron Yaya ne. Na kira shi bayan sallar asuba na zazzage masa komai, har da cewa abokinka macuci ne.

18/ Yaya ya bar ni na gama. Sai ya ce, "Ka ga ya cire wani abu da idonka?" Na ce a'a. "Ka tabbatar RAM ɗin ne?" Na ce intanet ta ce. Ya ce, "To kai ma ba ka gwada ba ke nan. Je ka karɓo kayanka cikin mutunci, ka kai wani wuri a duba. In ta tabbata ya cuce ka, ni zan je wajensa, ba kai ba."

19/ Karɓo kaya daga hannun wanda kake kira Yaya ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Na yi ta juya maganar a mota. Da na je na ce, "Yaya, Baba ya ce a ɗan dakata tukuna, kuɗin bai haɗu ba." Ya dube ni, na san ya gane. Ya sa yaro ya ɗauko ta, ya ce ba sai na biya kuɗin dubawa ba.

20/ Wani ɗan ajinmu ya raka ni wajen wani matashi mai ƙaramin shago, benci ɗaya, fanka ɗaya. Ban faɗa masa abin da aka ce min a can ba, da gangan, don kada ya ɗora a kai. Cewa kawai na yi ta ƙi tashi.

21/ Kafin ya taɓa sukudireba sai da ya yi min tambayoyi kamar a asibiti. Yaushe ta fara? Ta taɓa faɗuwa? Ruwa ko shayi ya taɓa zuba? A ina kake caji? Tana ɗaukewa da kanta kafin wannan ranar? Sai a lokacin na tuna ta yi sati biyu tana ɗan sanƙarewa, kuma a jaka nake goya ta a mashin kan hanya mai gargada.

22/ Ya juya ta zai buɗe, sai ya nuna min wani abu. 'Yar sitikar da mai sayarwa ya liƙa a kan ɗaya daga cikin sukurorin tun 2022 tana nan ba a huda ta ba. Ya ce, "Wannan ba wanda ya buɗe ta tun da aka saya." Jikina ya yi sanyi.

23/ Ku duba abin da sitikar nan ta nuna. Na farko, mutumin da aka kwana ana kira ɓarawo a gurup bai cire min ko sukuru ɗaya ba. Na biyu, ya ce bod ya mutu alhali kwana biyu tana wajensa bai buɗe ta ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma ni na farkon ne ya fi kunyata ni.

24/ Da ya buɗe, ƙura kamar an zuba gari. Amma abin da ya fara yi shi ne ya zare SSD, inda fayiloli ke zama, ya sa a wani ɗan akwati mai waya, ya jona da tasa kwamfutar. Sai ga furojet ɗina, babi huɗu cif, da bayanan duka. Na sayi filash nan take aka kwafe. Na zauna a benci na kasa magana.

25/ Wannan ku riƙe shi da kyau: ko da bod ya ƙone ƙurmus, fayilolinka ba a jikinsa suke ba. A yawancin laftof irin namu ana iya zare ma'ajiyar a karanta ta a wata kwamfuta. Sai dai in an kulle ta da BitLocker, to sai da makullin, wanda sau da yawa yana cikin asusunka na Microsoft. Kada ka yarda a yi sabon Windows kafin a kwashe maka kayanka.

26/ Sannan ya koma kan RAM. Guda biyu ne, kowanne 4GB. Ya zare su, ya goge bakinsu, ya bi guraben da burushi. Ya sa ɗaya a gurbi na farko: shiru, fitila na ƙiftawa. Ya mayar da shi gurbi na biyu: sai ga tambarin HP a sikirin. Na miƙe tsaye ban sani ba.

27/ Shi bai yi murna ba tukuna. Ya gwada ɗaya RAM ɗin haka. A gurbi na biyu ta tashi, a na farko ta ƙi. Ya sake wankewa, ya haska da tocila, ya sake gwadawa. Ƙarshe ya ce RAM ɗina duka biyun lafiyarsu ƙalau. Gurbi na farko ne ya lalace.

28/ To gurbin nan kuwa a jikin bod yake, a liƙe. Ke nan ni da na kwana ina rantsuwa RAM ne, ban canka daidai ba. Wanda ya ce bod ne shi ma bai faɗi ƙarya zalla ba. Bambancin shi ne ba a bukatar canja bod gaba ɗaya saboda gurbi ɗaya, tunda ɗayan yana aiki.

29/ Ya ce ko in ci gaba da 4GB ta riƙa nauyi, ko in ba shi nawa biyun in cika ya sa min guda ɗaya mai 8GB a gurbin mai kyau. Na zaɓi na biyu. Da ciko da kuɗin aiki da filash, duka na kashe naira dubu 17. Ya kuma gaya min gaskiya: ba zai yi min alƙawarin shekara nawa za ta yi ba.

30/ Sai a lokacin na ba shi labarin shagon farko, na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, cutata aka so yi?" Ya ƙi zagin mutumin. Ya ce shi bai san zuciyar kowa ba. Amma ya yi min bayanin da ya zauna min.

31/ Ya ce shago mai cunkoso, gwajin da ya yi min na kusan awa ɗaya asara ce a wajensu. Kuma in ka yi ɗan gyara mai sauƙi ta sake lalacewa bayan wata guda, mai kaya zai dawo yana ihu a gaban mutane. In ka canja bod kuwa ka huta, ga riba ta fi. Da haka wasu suka saba, in sun ga baƙin sikirin da fanka na juyi, bakinsu ya riga hannunsu.

32/ Bayan kwana uku na koma shagon farko, da izinin Yaya. Na jira mutane suka ragu. Na kunna ta a gabansa na ce, "Yaya, an duba, gurbin RAM ɗaya ne ya mutu." Ya yi shiru. Ya ce, "To ai bod ɗin ne dai." Na ce haka ne, amma ga ta tana aiki. Ya ce, "Alhamdulillahi. Amma ka sa ido, irin wannan tana dawowa."

33/ Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban faɗa masa abin da na kusa wallafawa ba. Da zan fita na ji yana tambayar yaronsa ko an buɗe wata Dell da ke kan tebur an gwada RAM ɗinta. Ko saboda ni ne, ko da ma haka zai yi, Allah masani. Har yau muna gaisawa in mun haɗu a wajen biki.

34/ Ban ce ku yarda da kowane mai gyara ba. Akwai masu musanya kaya, kowa ya ji labari. Ni dai nawa ba haka ba ne, kuma da na danna wancan rubutun da na ɓata sunan mai iyali a kan satar da bai yi ba, a gari irin Dutse da kowa ya san kowa. Da na yi shiru na biya kuma, da dabbobin Umma sun tafi a banza.

35/ Ga abin da nake yi yanzu, ku ɗauka in zai amfane ku. Kafin ka fita daga gida, ɗauki bidiyon matsalar. Ƙirga ƙiftawar fitila ko ƙarar da take yi, ka nemi ma'anarta a shafin kamfanin da ya ƙera ta. HP da Dell da Lenovo kowanne da nasa tsarin, kada ka ɗauki na wani ka ɗora wa wani.

36/ A shago, ɗauki hoton lambar da ke ƙasan laftof ɗin. In an buɗe, ɗauki hoton RAM da SSD da batir yadda rubutun jikinsu zai fito. Ka yi a gabansa, cikin raha, ka ce don kada a manta ne. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, shi ma kariya ce gare shi. In za ka bar ta, karɓi takarda.

37/ In an faɗa maka matsalar, tambayi "me aka gwada?" An gwada wata caja? An zare RAM an gwada ɗaya bayan ɗaya a kowane gurbi? An jona ta da wani sikirin a gani ko naka ne ya mutu? An auna wutar bod da mita? In amsar duka a'a ce, to hasashe aka yi maka, ko da mai hasashen ya shekara ashirin a sana'ar.

38/ In kuɗin gyara ya kusa rabin kuɗin kwamfutar, je wuri na biyu kafin ka biya, kuma kada ka faɗa musu abin da na farko ya ce. Kada ka sayar kwandem a ranar da aka ce ta mutu, musamman ga wanda ya ce ta mutun. In ma za ka sayar, zare SSD ɗinka tukuna, hotunanka da takardunka na ciki.

39/ Sai babban laifin, wanda nawa ne ni kaɗai. Wata biyu na aiki a wuri ɗaya tak. Google Drive na ba kowa 15GB kyauta, furojet ɗina duka bai kai 50MB ba. Ko tura wa kanka ta imel duk daren Juma'a ya isa. Da na yi haka, da na shiga shagon nan da natsuwa, da ba a tsorata ni da dubu 95 ba.

40/ Na kare furojet ɗina lafiya, alhamdulillahi. Laftof ɗin na nan, a kanta na rubuta wannan zaren kafin na kwafo shi waya. Na daina goya ta a mashin ba tare da na naɗe ta da zane ba, kuma duk ƙarshen hunturu zan kai a busa mata ƙura. Tunkiyar Umma ta haifi biyu, ragon kuma shi aka yi layya da shi.

41/ In kana ajin ƙarshe kuma aikinka yana wuri ɗaya, ajiye wayar nan ka je ka kwafe shi yanzu, zaren ba zai gudu ba. Masu gyara da ke nan kuma, in na yi kuskure a wani bayani ku gyara min a ƙasa, ni ɗalibi ne ba injiniya ba.